Gauraye Daban, Haɗaɗɗen Sinadari Daban

Ƙannena masu karatun kimiyya, kuskurena mafi girma a darasin sinadarai shi ne yarda da abin da ido ya nuna mini. Na ɗauka idan gishiri ya ɓace a ruwa, sabon abu ya samu. Ba haka ba ne. Ku dafa ruwan ya ƙone, gishirinku zai dawo yadda yake. Wannan gauraye ne kawai.

Sinadarin asali shi ne wanda ba ya rabuwa zuwa wani abu mafi sauƙi, kamar ƙarfe, zinariya da farar wuta. Guda 118 aka sani. Idan biyu ko fiye suka ɗaure da juna bisa ƙayyadadden ma'auni, an sami haɗaɗɗen sinadari, kuma halinsa ba na iyayensa ba ne. Sodiyam yana iya kama wuta idan ya taɓa ruwa, kulorin iska ce mai guba, amma haɗuwarsu ita ce gishirin miya.

Gwajin da ya fi koyar da wannan shi ne na garin ƙarfe da farar wuta, kuma a nan na fi yin ɓarna. Ku auna giram 7 na ƙarfe da giram 4 na farar wuta. Ba da ka aka zaɓi lambobin ba: nauyin ƙwayar zarrar ƙarfe, wato ƙwayarsa mafi ƙanƙanta, 56 ne, na farar wuta 32, kuma ɗaya da ɗaya suke haɗuwa. Ku cakuɗa su, ku kawo maganadisu, zai tsince ƙarfen ya bar garin rawaya. Ku naɗe maganadisun a leda tukuna, in ba haka ba garin zai manne masa ku yini kuna kankarewa. Sai ku sake cakuɗa su, ku zuba cakuɗin a kwalbar gwaji ku ɗora a wuta. Da zarar ya fara yin ja, ku janye wutar, domin haɗuwar da kanta tana fitar da zafin da zai ƙarasa aikin. Abin da zai rage baƙin dunƙule ne da maganadisu ba zai iya raba shi ba.

Ni kan zuba ƙarfen da yawa ba tare da awo ba. Wanda ya sa giram 10 a kan giram 4, giram 3 na ƙarfe zai rage bai sami abokin haɗuwa ba, maganadisu ya ja dunƙulen, ɗalibi ya ce littafi ya yi ƙarya. Ku buɗe tagogi kuma, saboda farar wuta idan ta ƙone hayaƙinta yana shaƙe mutum. Kada ku ɗiga asid a kan dunƙulen nan ba da malami ba. Iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai za ta tashi, kuma guba ce.

Shi ma gauraye iri-iri ne. Gasara a ruwa tana kwantawa idan an bar ta, kuma mataci yana kama ta. Madara ba ta kwantawa haka, ƙwayoyinta sun yi ƙanƙanta, amma ku ɗiga ta kaɗan a kofin gilashi mai ruwa ku haska tocila a ɗaki mai duhu, za ku ga hanyar hasken a ciki. A ruwan gishiri mai tsabta ba za ku gan ta ba.

Wajen raba yashi da gishiri, tsari ne komai: a narkar, a tace, sannan a ƙonar da ruwan. Giram 100 na ruwa ba ya narkar da fiye da kimanin giram 36 na gishiri, don haka idan ruwan ya yi kaɗan, sauran gishirin zai tsaya a takardar tacewa tare da yashi. Idan ruwan ya kusa ƙarewa ku rage wuta, ku bar ragowar ya bushe a hankali, domin gishirin yakan yi tsalle ya fantsama har ido.