Layi biyu a ƙasan rifot

Daren Laraba, sha ɗaya ta gota, ina zaune a kan tabarma da fitilar caji a gefena, don tun la'asar aka ɗauke wuta. A gabana ga babbar takardar nan da muke tattara makin aji, wadda in aka shimfiɗa ta sai ta cinye rabin tabarmar. Sunaye 64 a tsaye, darussa 9 a kwance. Kowane gurbi da makin gwajin cikin zango a kan 40, da na jarabawa a kan 60. In haɗa, in raba, in fitar da ta ɗaya har zuwa ta kashin baya. Hunturu da alli sun haɗu sun tsattsaga min yatsu, biron ma da dabara nake riƙe shi. Maigidan ya leƙo sau biyu yana tambayar ko na kusa. A na uku bai ce uffan ba, ya ajiye min shayi ya koma abinsa.

Shekarata 11 ke nan ina koyar da Hausa a wata makarantar kwana ta 'yan mata, ta gwamnati, can wajen birnin Kano. Bana ni ce malamar ajin SS 2B. Lissafin makin ba ya hana ni barci, kalkuleta ta iya aikinta. Abin da ke cinye min dare shi ne layi biyun nan na ƙasan rifot, inda aka bar wa malamar aji ta faɗi abin da ta gani game da yarinya.

Amma bari in fara ba ku labarin zangon, tunda tsofaffin ɗalibaina sun dame ni da tambaya a waya.

Zangon farko shi ne mai dogon wuya. A shigo a Satumba ana tsallen kwatami, a fita a Disamba ana shafa basilin a diddige. Sababbin 'yan JSS 1 sun yi kukansu na al'ada, mako biyu cur, sannan suka ware har suka fi kowa ƙiriniya. Akwai wata 'yar mitsitsiya da ta kwana uku ba ta kwance ɗaurin katifarta ba, wai babanta ya ce zai dawo ya ɗauke ta. Yanzu ita ce mai buga ƙararrawar tashin asuba in firifet ta makara. A Oktoba zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗakin jinya, har metiron ta shimfiɗa wasu a baranda. A mako na bakwai injin rijiyar burtsatse ya ƙone, aka yi kwana tara yara na jerin gwano da bokitai zuwa tsohuwar rijiyar bayan kicin. Wanda bai ga layin ruwan makarantar kwana ba bai san inda ake koyon siyasa ba: a nan ake ƙulla ƙawance, a nan ake warware shi, a nan siniya ke nuna wa juniya cewa ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Mun zo na biyu a muhawarar da aka yi tsakanin makarantun shiyyarmu, kuma har yanzu ina kan bakana cewa alƙalan sun fi sauraren lafazi a kan hujja. A musabaƙar da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta shirya, wata 'yar JSS 3 ta kayar da 'yan SS a izu biyar, abin da yayyen nata ba su yafe mata ba tukuna. Gidan Kore ya sake cin kofin tsafta. Gabza kuwa tana nan yadda kuka bar ta, ita da miyar kukarta mai ganin ƙasan kwano, sai dai malmalar ta ɗan rame.

Wannan ramar ce ta kai ni ga labarin da na zauna rubutawa.

Duk wadda ta yi makarantar kwana ta san ba abincin dainin ke riƙe da rai ba, kwaki ne. Garin rogo, sukari, ƙuli-ƙuli, ɗan yaji, in da hali madarar gari. Ranar ziyara kowa attajira ce. Bayan mako uku kuwa akwatunan ƙarfe sun fara amsa kuwwa, sai a shiga cin bashi. Ana saura kwana goma a fara jarabawa muka yi binciken akwatuna, neman waya, kamar kullum. Mun samu biyu, ɗaya a cikin safa, ɗaya an naɗe ta a leda an tura cikin gari. A akwatin wata 'yar ajina kuma na ci karo da ƙaramin littafi, irin mai shafi 20 ɗin nan, an tsaga shi da layuka da rula. Na ɗauka wasiƙun samari ne, na buɗe da shirin faɗa.

Ashe littafin bashi ne. Suna, kwanan wata, abin da aka karɓa, abin da aka biya, ragowa. Ma'auninta gwangwanin madara. Gwangwani ɗaya na kwaki daidai yake da cokali huɗu na sukari, ko ƙuli-ƙuli shida. Wadda ta ci bashi kafin ziyara za ta mayar bayan ziyara, babu ƙari, ta rubuta wannan da manyan baƙi a bangon farko, har da ja masa layi. A bayan littafin kuma akwai shafin ajiya: yara kusan talatin sun ba ta kuɗin motarsu na komawa gida ta riƙe musu, don kada su cinye a awara da alawar madara. Na zauna a bakin gado na bi lissafin shafi uku da kalkuletar wayata. Ko naira ɗaya ba ta ɓata ba. Sai a ranar na ji cewa a hostal Hajiya Banki suke ce mata.

Hajiya Banki ita ce ta 41 a takardar da ke gabana. Lissafi ta ci 38. A ma'aunin da muke bi, irin na WAEC, duk abin da bai kai 40 ba F9 ne, da jan biro ake rubuta shi.

Ranar Litinin bayan an gama jarabawa ta same ni a bakin ɗakin malamai, ta durƙusa, tana murza gefen hijabinta.

"Malama, don Allah in kin zo kan nawa ki tausaya."

"Tausayin me? Abin da kika shuka shi za ki girba."

Ta yi shiru. Sai da na ce ta tashi mu zaga bayan aji sannan ta faɗa min. Mahaifinta ya rasu tana firamare, baffanta ke riƙe da su. Ya ce in ta sake kawo jan biro gida, to zaman ya isa haka, dama akwai waɗanda suka turo a tambaya musu izini. Ba mugun mutum ba ne, ita da bakinta ta faɗa. Lissafinsa yake yi shi ma. 'Yan SS 2 a Kano suna da jarabawar kwalifayin a gabansu, wadda gwamnati ke duba sakamakonta kafin ta biya wa ɗalibi kuɗin NECO. Wadda ta faɗi, sai gida su biya. Kuma ko an biya, in babu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, ƙofar jami'a ba ta buɗuwa. Baffan ya duba jan biron bara, ya duba buhunan da ya samu a gona, ya yanke abin da ya yanke.

Ba zan ɓoye muku ba, na daɗe ina kallon 38 ɗin nan. Maki biyu ne tsakaninta da baƙin biro, kuma takardar a hannuna take, babu mai gani sai Allah. Amma makin ba nawa ba ne, na malamin Lissafi ne. Washegari na karɓi littafin bashin a wurinta na kai masa. Ya fara da dariya, yana karanta sunayen masu taurin bashi. Da ya kai shafin ajiya sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "Malama, wannan ai ta fi wasu akawu. Matsalarta da an ce x sai ta rikice, da gwangwani aka ce mata da ta cinye." Makin dai ya ce ba zai taɓa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da ya yi alkawari shi ne in an dawo a Janairu zai riƙa zama da ita da wasu irinta bayan la'asar, sau biyu a mako.

Saura layi biyuna.

Yawancinmu muna da jimloli huɗu ko biyar na Turanci da muke juyawa a wannan gurbin, tun daga ta ɗaya har ta ƙarshe: ta yi ƙoƙari, ta ƙara ƙoƙari, ta rage wasa. Ni ma haka na yi shekara da shekaru. Abin da ya farkar da ni wata tsohuwar ɗalibata ce da muka haɗu a gidan biki. Tana dariya ta ce min duk rifot ɗin da na rubuta mata ita ke fassara wa babanta, kuma inda na ce ta cika surutu a aji, ce masa take yi Malama ta ce ta iya bayani. Na yi dariya a wurin, amma a Adaidaita Sahu ina komawa gida abin ya tsaya min a rai. Wa nake rubuta wa ke nan? Iyayen yaran nan da yawansu suna karanta Hausar boko, wasu ajami, Turancin ne dai babu. Tun daga lokacin na koma rubutawa da Hausa. Mataimakiyar shugaba ta kira ni ta ce, "Malama, takardar hukuma ce fa." Muka yi ciniki: layin sama Turanci saboda hukuma, layin ƙasa Hausa saboda mai gida. Shi ya sa rubutuna a rifot ya koma kamar tafiyar kiyashi.

Na Hajiya Banki sai da na gwada shi sau huɗu a bayan wata tsohuwar takardar jarabawa. A ƙarshe na rubuta: "Yarinya ce mai amana, ɗalibai kusan 30 ita suke ba ajiyar kuɗinsu. Jan Lissafin nan mai gyaruwa ne, an shirya mata darasi na musamman. Don Allah a dawo mana da ita ranar komawa." Ya haura layin, ya gangara gefen takarda, har ya kusa shiga wurin sa hannun shugaba.

Daren Alhamis aka yi wasan bankwana a dainin, an ture tebura gefe. Nan ne yara ke ramuwar gayya: su kwaikwayi malamai ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muna zaune a gaba dole mu yi dariya. Wata doguwa daga SS 3 ta fito da tabarau a kan karan hanci, ta rungume littattafai a ƙirji, ta tsaya ta ƙare wa jama'a kallo, sannan ta ja numfashi ta ce, "To, madalla da ku." Ɗakin ya kece. Wallahi ban san ina faɗin haka ba. Na juya wurin malamar Turanci in tambaye ta, na tarar hawaye take sharewa.

Juma'a tun kafin a gama asambuli bakin get ya cika. Da can wasu yaran a sake su su hau mota da kansu. Tun satar ɗalibai da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020, da ta Jangebe bayanta da 'yan watanni, ba ma sakin yarinya sai wani nata ya zo ya sa hannu, su ma iyayen ba sa son yamma ta yi musu a hanya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma, 'yan gari ɗaya sukan haɗa kuɗi su turo bas guda da dattijo ɗaya ya kwaso musu 'ya'ya. Katifu a saman mota, bokitai na reto a baya, uwar ɗaki da 'yar ɗakinta an rungume juna ana kuka kamar ba mako uku ne hutun ba.

Baffan a kan babur ya zo, ya naɗe fuska da rawani saboda ƙura. Na aika aka kira min shi gindin darbejiya inda nake raba rifot. Muka gaisa, na tambayi mutanen gida da amfanin gona, sannan na miƙa masa takardar a hannunsa maimakon in ba ta. Idonsa ya fara sauka a kan jan, na ga haka. Na sa yatsa na nuna masa ƙasa. Ya matso da takardar kusa da fuska, yana bin rubutun a hankali, leɓɓansa na motsi. Da ya kai gefen da rubutun ya gangara sai ya juya takardar a karkace ya ƙarasa.

"Malama, ke kika rubuta wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Kuɗin mutane take riƙewa?"

"Har da na motarsu. Jiya ta mayar wa kowa nata, a gabana."

Ya waiga ya dube ta, tana tsaye nesa kaɗan da akwati a ka. Ya ninke rifot ɗin gida huɗu ya sa a aljihun gaba, ba na gefe ba. Ya ce, "Yaushe ne komawar?" Na faɗa masa. Ya ce, "To. Allah ya kai mu da rai da lafiya." Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma ku da kuka san dattawanmu kun san wannan maganar tana iya zama e, tana iya zama a'a.

Har sun ɗaure akwatin a bayan babur sai ta dawo da gudu, ta ciro littafin daga cikin hijabi ta tura min a hannu.

"Malama, ki ajiye min. Akwai waɗanda ba su biya ba."

Yana cikin durowata a ɗakin malamai, ƙarƙashin kwalin alli. Na leƙa shafin ƙarshe kafin in kulle: mutum biyar, gwangwani bakwai da rabi, da cokali uku na sukari da ake bin hedigel.