Ki ƙirga ido kafin ki ce "Da ikon Allah"

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, ina tsaye a bakin majami'a ina jiran kabu-kabu, sai na ji ɗaya daga cikin 'yan matanmu tana karɓar aikin saƙa. Rigunan sanyi 12 na yaran Makarantar Lahadi, launi ɗaya, za a sa ranar Kirsimeti. Ga shi muna tsakiyar Nuwamba, kuma da kibiya za ta saƙa, ba ta da keken saƙa. Mai ba da aikin ta tambaye ta ko za ta iya, ta ce, "Da ikon Allah, Mama, ba abin da ya fi ƙarfin Ubangiji." Ta karɓi rabin kuɗin ta cusa a bayan wayarta. Na jawo ta gefe na ce, "Ɗiyata, kin ƙirga?" Ta ce, "Me zan ƙirga, Gwaggo?"

Da bakina na taɓa faɗin wannan magana ina sa'arta. Nawa aikin riguna 10 ne, kuma har yau in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina.

Bari in fara da ƙirgan, don shi ne ba wanda ya yi mini. Yaro ɗan shekara 6, rigarsa tana son zagayen ƙirji wajen santimita 70. Da zare matsakaici da kibiya mai lamba 4, hannun da ya daidaita yakan ba da ido 22 (ido shi ne kowane madauki ɗaya na zare a kan kibiya) da layi 30 a cikin santimita 10. Ke nan ido 154, gaba 77, baya 77. Tsawon jiki santimita 40, layi 120 ke nan. Gaba kaɗai ya haura ido 9,000, baya haka, kowane hannun riga wajen 5,000. In kin haɗa, riga guda ta kai wajen ido 28,000. Mai sauri tana yin ido 25 a minti ɗaya, wato wajen awa 19 tana zaune ba ɗaga kai. Ki ƙara wuya, ɗinkin haɗawa da ɓoye bakin zare, kin kai awa 24. To macen da ke girki, ke wanki, ke jiran ruwa a famfo irin na Damagaram da ba ya zuwa sai ya ga dama, awa nawa take samu a yini? In ta samu 3 ta gode Allah. Kwana 8 ke nan riga ɗaya. Daga 15 ga Nuwamba zuwa Kirsimeti kwana 40 ne. Riga 5, in ba ta yi ciwo ba, in ba a yi rasuwa ko suna a unguwa ba, in kuma har Lahadi ta saƙa. Riga 12 na bukatar fiye da awa 7 kowace rana.

Ni ban yi wannan lissafi ba, kuma a lokacin gani nake yin sa ma ƙarancin bangaskiya ne. Daga nan ɓarna ta fara, ɗaya na jawo ɗaya.

Ban yi saƙar gwaji ba, don ina ganin ɓata yini ne. Ka'idar ita ce ki saƙa ɗan ƙyalle mai santimita 15 kowane gefe, ki wanke shi yadda za a wanke rigar, ki shimfiɗa ya bushe, sannan ki aza metir a tsakiya ki ƙirga ido nawa ke cikin santimita 10. Hannu ya bambanta. In naki yana ba da 20 maimakon 22, ido 154 ɗin nan zai fito santimita 77, rigar ta zama buhu. In yana ba da 24, za ta fito 64, ta matse yaro. Nawa hannun ya fara da 21, ya ƙare da 24, saboda gajiya da fargaba suna sa mutum ya ja zare da ƙarfi bai sani ba. Rigunan farko suka yi yalwa, na ƙarshe suka tsuke, har akwai wadda hannunta na dama ya fi na hagu faɗi, don ɗaya da safe na yi shi, ɗaya tsakar dare da tocila a baki.

Zaren kuma ban saye shi gaba ɗaya ba. Rigar yaro irin wannan tana cin curi 5 zuwa 6 na giram 50. Ya kamata in sayi curi 60 rana ɗaya, in duba takardar da ke naɗe da kowane curi, don bayan lambar launi akwai lambar rini, kuma sai su biyun sun zama ɗaya launi ke dacewa. Na sayi 20, sauran kuɗin na kashe a gida. A nan zan ɗan kare kaina: ba kwalliya na saya da su ba, hatsi ne da magani. Wanda bai taɓa riƙe kuɗin mutane a hannu alhali tukunya ba komai ba, kada ya yi saurin yanke mini hukunci. Amma kuɗin zare ne, ba nawa ba, kuma na sani. Da na koma Kasuwar Dole, kayan da suka shigo daga Kano wani rini ne dabam. A cikin shago ja ɗaya ne. A rana, layin da na canja curi ya fito kamar an ja shi da alli. Da na san dabara ma da na rage abin: layi 2 da tsohon curi, layi 2 da sabo, har wajen santimita 5, ido ba ya kama wurin sauyin. Ko kuma a bar sabon rinin ga hannuwa da wuya kawai.

Sai wuya. Kan yaro ɗan shekara 6 ya kai santimita 52, kuma ba ya lanƙwasa. Na rufe idon wuya da kibiyar da na yi roba da ita, wato saƙar bakin riga mai miƙewa, kibiya mai lamba 3, ina ja kamar mai ɗaure buhu. Riguna 3 suka ƙi shiga kai. Rufin wuya da kibiya mafi kauri ake yi, lamba ɗaya sama da ta jiki, a sake hannu, sannan a gwada: in wuyan bai buɗe ya kai zagayen kan ba, a warware tun kafin a yanke zare. Na kuma yi ƙulli a tsakiyar layi duk inda curi ya ƙare, don sauri. Wanki biyu ƙullin ya zame, rami ya buɗe a ciki. A gefe ake haɗa zare, a bar jela santimita 15, a ɓoye ta cikin ɗinki da allura.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne guga. Da na ga gefuna suna naɗewa, sai na aza dutsen guga na gawayi a kansu. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwanninmu zaren roba ne. In kina shakka, ki yanki ɗan guntu ki kai wa ashana: na roba yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri yana warin leda, ulu na gaskiya yana warin ƙonannen gashi ya murmushe, auduga kuma ta bar toka mai laushi kamar takarda. Zafin guga yana kashe zaren roba, ya yi sheƙi ya saki, kuma ba ya komawa har abada. Riguna 2 na kashe haka a daren jajibere.

Duk wannan ɓarnar hannu ce, ana koyonta a wuce. Wadda ta fi ita ce ta baki. Kullum aka aiko, sai in ce gobe. Na daina zuwa taron zumuntar mata don kada mu haɗu da mai aikin, daga baya na bar sujadar Lahadi sau 3 ina cewa ai aikin Ubangiji nake yi. Ina saƙa ina roƙon Allah ya yi mini abin al'ajabi, da bai yi ba na yi fushi da shi a zuciyata. Ranar Kirsimeti yara 6 suka sa riga, 4 suka tsaya a baya da kayansu na gida, ɗaya yana kuka.

Wani lokaci nakan ce ba laifina kaɗai ba ne. Yarinya ta yaya za ta kalli babbar mace a majami'a ta ce a'a? An rene mu da kunya. Kuma masu ba da aiki su ma suna da nasu: suna zuwa a makare, su taya da arha, su rufe da cewa "ai na gidan Allah ne," kamar mai saƙa ba ta cin abinci. Wannan gaskiya ne kuma ba zan janye ba. Sai dai ba su suka sa ni cewa gobe ba. Yesu da kansa ya ce, a Luka 14:28, wanda zai gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafin abin da za ta ci. A Matiyu 5:37 kuma ya ce i ɗinmu ya zama i, a'a ya zama a'a. Na san ayoyin nan a lokacin. Na zaɓi wadda ta yi mini daɗi na bar waɗannan.

Ku kuma 'yan yanzu abinku ya fi namu muni, ku yi haƙuri in faɗa. Kuna kallon bidiyo a waya an saƙa riga cikin minti ɗaya, an hanzarta hoton, sai ku ɗauka haka abin yake. Wata ba ta gama hula 3 a rayuwarta ba, ta riga ta sa hoton aikin wasu a WhatsApp tana neman masu saye. Ana yi mata gyara idonta na kan waya. Saƙa ba ta son wannan. Kuma ku tuna inda muke. Tun 1924 da 'yan mishan suka zauna a garin nan na Damagaram, har yau mu 'yan kaɗan ne. Yawancin masu sayen shawul da safar jariri a hannunmu maƙwabtanmu Musulmi ne, daga unguwar Birni har Zango, kuma kayan suna ba sa jira, kwana 7 ne. In kin kawo a kan lokaci za a ce Kiristar nan mai saƙa tana da alkawari. In kin saɓa, ba sunanki kaɗai za a kira ba.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawara goma. Da na duba, yawancinsu surutu ne.

Ki ƙirga kafin ki amsa. Ki ce, "Mama, ki ba ni zuwa jibi," ki yi saƙar gwaji, ki duba agogo ki ga ido nawa kike yi a minti 5, ki raba. Abin da ya fito shi za ki faɗa, sannan ki ƙara da "in Ubangiji ya yarda," kamar yadda Yakubu 4:15 ya koya mana. A bayan lissafi kalmar nan take zama.

Kada ki karɓi kuɗin mutane tun ba ki yi aiki ba, igiya ce a wuya. Na san kuma ba za ki iya sayen curi 60 daga aljihunki ba, kuma wadda ba ta ba da komai ba tana iya fasawa ta bar ki da kaya. To ki karɓa. Amma kuɗin zare kawai, kuma kada su kwana a ɗakinki, daga hannunta sai kasuwa. Kuɗin hannu sai ranar da kika miƙa kaya, kuma ki faɗe shi tun farko ba kunya. A ce curi dala ɗari ne, wato sefa 500, riga ta ci jika 3, sefa 3,000, a zare kaɗai, to awa 24 ɗinki fa? Kada ki yi aiki kyauta don an ambaci sunan Allah. Ga shi kuma ina son ki riƙa yin kyauta. Dokas ta Yafa, a Ayyukan Manzanni sura 9, da ta rasu gwauraye ne suka tsaya suna kuka suna nuna tufafin da ta yi. Ragowar zare ki tara, duk hunturu ki fitar da hula ko safa ki kai wa tsohuwar da ba ta da kowa, ko jaririn da aka haifa cikin sanyi. Wannan ke kika zaɓa, ba matsa miki aka yi ba, kuma ba sai kin ɗauki hoto ba.

In kin ga kuskure, ki warware. Ki zare kibiya, ki ja zaren har layi ɗaya sama da ɓarnar, shi kuma wannan layin ki kwance shi ido-ido kina kwashewa da siririyar kibiya don kada su zube. Zaren da ya lanƙwashe saboda warwara ki naɗe shi a bayan kujera, ki ɗaure wuri 4, ki tsoma a ruwa mai ɗumi kaɗan, ki shanya a inuwa, zai miƙe. Na daɗe ina ganin warwara abin kunya ne. Yanzu lokacin da nake warwara na fi yin addu'ar tuba, don hannu na aiki, zuciya ba ta da wurin ɓuya. Layukan jiki da ba ƙirga a cikinsu kuma, kowane layi nakan ɗauki sunan mutum ɗaya in kai gaban Allah: mai ciwo, mai neman haihuwa, yaron da zai sa rigar. Zabura 139:13 tana cewa shi ya harhaɗa mu a cikin uwa, kuma mai saƙa ta fi kowa gane wannan. Amma in kin zo ragin hammata ko wuya, ki yi shiru ki ƙirga, addu'ar ta jira.

Jikinki ma amana ne. Duk rabin awa ki ajiye kibiya ki miƙe yatsu. In babban yatsa da biyun da ke binsa suka fara mutuwa da dare, ki huta kwanaki, in bai bari ba ki ga likita. Man kaɗanya da dare ake shafawa saboda kaushi, ba lokacin saƙa ba, zai ɓata zare. Farin zare ki rufe shi a bokiti mai murfi, ƙurar hunturu ba ta da tausayi. Ki gaya wa iyaye kada yaro ya matsa kusa da wuta da rigar zaren roba, tana narkewa a fata. Lahadi kuma ki ajiye saƙa ki zo sujada.

Ke kuwa ɗiyata, ki koma wurin Mama tun yau ki gaya mata riga 12 ba za ta yiwu ba. Ki ce za ki yi huluna 12. Ido 104, roba santimita 5, jiki har ya kai 14, sannan ki raba gida 8 kina rage ido ɗaya a kowane gida duk layi na biyu, in ya rage kaɗan ki zura zare ki tsuke. Curi ɗaya hula ɗaya, wajen awa 4, duka awa 48. Ranar Alhamis ki sayi curi 13 masu lambar rini ɗaya, ki mayar mata da canjinta a hannu. In kunya ta hana ki, ki biyo ta gidana da la'asar mu tafi tare, ki taho da kibiyarki da metir.