Fedal ɗin da na saya a NAMM, da abin da ban ji ba a rumfar

Duk wanda zai je baje kolin kayan kiɗa na NAMM a Anaheim, can Kalifoniya, ya saka a ransa cewa abin da kunnensa ya ji a rumfa ba lallai shi zai ji a gida ba. Wallahi har yanzu in na kalli fedal ɗin nan, wato 'yar na'urar da ake takawa don sauya sautin jita, sai na ji raina ya sosu.

Na je na 2025, shekarar da manyan kamfanonin jita Fender da Gibson suka dawo bayan sun daɗe ba sa zuwa, don haka cunkoso ba a magana. Sabbin jita kam na gani har na gaji, amma gaskiya yawanci tsohon zane ne da sabon fenti, jitar Stratocaster ta Fender ta 1954 har yau ita ake ta juyawa. Na'urorin kwaikwayon amfilifaya irin su Quad Cortex da Helix da Kemper su ma na taɓa, sun yi kyau, ba ni da ta cewa. Ni abin da ya kai ni ƙasa wata 'yar ƙaramar rumfa ce ta masu haɗa fedal da hannu, ba zan kama suna ba.

Fedal ɗin da na saya faz ne, wato mai sa sautin jita ya yi kaushi, mai tiransista na sinadarin jamaniyam, a kan tsarin Fuzz Face ɗin nan na 1966 wanda makaɗin jita Jimi Hendrix ya yi suna da shi. To a zauren an ƙayyade ƙara, akwai masu zagayawa da mita suna aunawa, shi ya sa rumfuna da yawa hedfon za su miƙo maka. Na saka, na buga, kai! Sauti mai kauri, in ka rage boliyom ɗin jitar sai ya wanke tas kamar ba faz ba. Nan take na biya, ko ciniki ban yi ba.

Da na dawo gida na jona shi a allon fedalolina sai wani tsiririn sauti mai huda kunne, boliyom ɗin jitar ma ya daina aikinsa, ko dai shiru ko ihu. Na canza waya, na canza tsirkiya, na ɗora laifin a kan amfilifayata. Ashe su a rumfar jita ce kai tsaye cikin faz ɗin da gajeriyar waya, batir 9V a ciki, daga nan ya shiga na'urar kwaikwayon lasifika da ɗan ribab, mai ƙara wa sauti amsa-kuwwa, da suka ɓoye ƙarƙashin tebur. Ni kuwa wayalas nake amfani da shi maimakon waya, sannan na'urar saita tsirkiya mai bofa, wato da'irar da ke daidaita siginal, duk kafin faz ɗin. Irin wannan tsarin so yake ya ji fikof ɗin jita, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, kai tsaye, da zarar bofa ta shiga tsakani shi ke nan ya lalace. Kuma mai rumfar yana tsaye muna ta hira kusan rabin awa, ko sau ɗaya bai tambaye ni me nake jonawa ba, wannan ne ya fi ba ni haushi.

Ba a nan ta tsaya ba. Yawancin masu jamaniyam ɗin nan wutarsu a juye take, ba ka haɗa su layi ɗaya da sauran fedaloli, sai batir ko mai raba wuta wanda kowace kafa zaman kanta take, wani kuɗin ke nan. Ga zafi kuma, jamaniyam ba ya shiri da shi sam. Zauren can sanyin esi ne, amma hau dandali fitilu su gasa shi ka ji yadda yake kakarewa a tsakiyar waƙa.

Yanzu in zan gwada kowane fedal a baje koli sai na leƙa ƙarƙashin tebur, in ce su kashe ribab da duk wani ƙari, in tambaya jamaniyam ne ko silikon, wace irin wuta yake ci, kuma wanda za su ba ni shi ne wannan ko samfurin gwaji ne. In fikof ɗin jitarsu hambaka ne mai naɗin waya biyu, naka kuma singil koyil mai naɗi ɗaya, ka nemi su canza maka. In suka fara kame-kame ka wuce abinka, rumfuna sun fi dubu.

Faz ɗin yana nan, na mayar da shi farkon layi da batir, na haƙura da wayalas a waƙoƙi biyun da nake taka shi. Ranar da ya ga dama yana yin daɗi.