Kifin da ke zuwa cin abinci a ƙarƙashin fitila

Ofishina ɗaki ɗaya ne da baranda a kusa da kasuwar Wunti a Bauchi, ni da yara biyu da kwamfuta uku, ɗayar ma sai an lallaɓa ta take tashi. Aikinmu yankar tikitin jirgi, kama ɗakin otal, da shirya wa mutane Umara. Umarar azumi ce ke riƙe da mu. Abin da muka samu a goman ƙarshe shi muke ci har bayan babbar sallah. Ribar tikiti ba ta taka kara ta karya ba, ga kuma dala. Ka faɗa wa mutum farashi ranar Litinin, ya kawo kuɗi ranar Alhamis, ka tarar canji ya lashe ɗan abin da ka ɗora. Yanzu a jikin takarda nake rubutawa cewa farashin na awa 24 ne.

Da rani muna kai iyalai da 'yan makaranta Yankari, kuma a can na koyi kama bakina. Shekarata ta farko na cika wa wasu baƙi daga Kano baki cewa sai sun gaji da ganin giwa. Muka zagaya bakin kogin Gaji safe da yamma, ba mu ga komai ba sai gwaggon biri da gadu, da kashin giwa mai ɗumi a kan hanya. Har muka dawo gari babu wanda ya yi mini magana a motar.

To, shekarun baya wani likita, tsohon abokin cinikina, ya shigo da wani aiki da ban taɓa yin irinsa ba. 'Yarsa tana aure a Amurka, biza tana hannunsu, za su je shi da maiɗakinsa da mahaifiyarsa, daga can surukin zai kai su tsibiran Hawayi da ke tsakiyar teku su yi kwana biyar a yankin Kona. Jikokin sun nace sai an je kallon kifin manta da dare. Yawancin masu zuwa jirgin ruwa suke shiga, su sa kayan ninkaya su kwanta a saman ruwa suna riƙe da allo mai fitila. Ya ce, "Malam, ka san Hajiya. Ko kwale-kwalen Dadin Kowa ba ta shiga, balle teku cikin duhu." Uwargida ma ta ce ba da ita ba ninkaya a cikin maza.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni kwana biyu."

Sai da na zauna na yi karatu kamar mai jarrabawa, don wannan sana'a rabinta sayar da abin da ba ka taɓa gani ba ne. Manta faffaɗan kifi ne mai fikafikai, sai ka ce an shimfiɗa tabarma a cikin ruwa. Na Kona faɗinsa yakan kai mita 3 zuwa 4, babban ɗan'uwansa na tsakiyar teku kuma har mita 7. Duk girman nan ba ya cizo, ba shi da ƙari a wutsiya. Abincinsa wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya cika gani, yakan buɗe baki ya tace su daga ruwa. Su kuwa waɗannan halittu haske suke bi. Da na kai nan na yi dariya ni kaɗai, domin shinge ne sak: a yi ruwan farko, a kunna fitila a tsakar gida, su taru, kwaɗi su fito walima. Tun shekarun 1970 wani otal a gaɓar Keauhou da ke yankin Kona ke haska ruwan da ke gabansa da dare, kifayen suka gane wurin, har yau suna zuwa. Mutum yana tsaye a kan tudu da takalminsa zai iya hango su.

Nan na kama musu ɗaki. Na buga musu lokutan sallah na garin, na kuma roƙi Hajiya kada ta sa kilishi a jaka, don ba a shiga Amurka da nama irin wannan. Sannan na rubuta a ƙasan takardar da babban baƙi cewa ɗaki da fitila na kama, kifi ba ma'aikacina ba ne.

Tsakaninmu da Hawayi awa 11 ne. Ƙarfe takwas na safe ina buɗe ofis sai ga kira, can tara na dare. Likita ya ce sun fi awa ɗaya a tsaye, ruwa kawai suke kallo, yara har sun fara ƙunƙuni. Na ba shi haƙuri, na ce su sake gwadawa gobe. Washegari ban ji daga gare shi ba, ni ma ban nema ba.

A rana ta uku bidiyo ya shigo ta WhatsApp. Hoton yana rawa, ruwan ya yi kore saboda fitila. Sai wani baƙin abu ya taso daga ƙasa a hankali, ya wuntsila, farin cikinsa ya bayyana da ɗigo-ɗigon baƙi, ya sake wuntsilawa a wuri ɗaya yana haɗiyar abincinsa. Da waɗannan ɗigo masu bincike ke bambanta su, kowane kifi da nasa zanen, kamar zanen yatsa. Na biyu ya biyo shi. Ana jin ihun jikoki, a bayansu kuma muryar Hajiya tana ta salati, daga baya ta ce, "Kai, Likita, wannan a wace tukunya za a dafa shi?"

Da suka dawo ta aiko mini da turare da hula.

Asabar mai zuwa ina da bas biyu na 'yan firamare zuwa Yankari. Shugabar makarantar ta kira jiya tana tambaya ko yara za su ga giwa. Na ce mata, "Hajiya, su zo da tawul, ruwan Wikki yana nan da ɗuminsa."