Godiya ga waɗanda suka tsaya mini har na koma bakin aiki

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki na Garwa da kewaye.

Alhamdu lillahi, ranar Litinin da ta wuce na koma bakin aiki bayan doguwar jinyar da yawancinku kuka sani. Ƙafar dama ba ta koma yadda take ba, gwiwar ba ta lanƙwasuwa sosai, likita kuma ya ce in haƙura da tuƙin babbar mota. Duk da haka ga ni ina fita da safe, ina dawowa da yamma da gajiyar aiki a jikina, ina ciyar da iyalina da gumina. Ba zan iya bin kowa gida-gida ba, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan.

Bayan Allah, zan fara da Hajiyar ofishinmu mai kula da sha'anin ma'aikata. Haɗarin ya same ni ne a kan babur da sassafe, na baro Yelwa zan tafi gareji. Tunda ba a cikin kamfani abin ya faru ba, duk gidanmu mun ɗauka nauyin namu ne mu kaɗai. A ranar ta zo asibiti, ta ja ƙanena gefe ta yi masa bayani: dokar Kamaru ta 1977 kan haɗarin aiki ta haɗa har da wanda ya samu mutum a hanya tsakanin gida da wurin aiki, muddin bai ratse don wata buƙatar kansa ba, kuma kwana 3 na aiki kamfani ke da su ya kai rahoto CNPS, wato hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa. Kafin wa'adin ya cika ta kai, da takardar likita ta farko da sunayen masu shagunan da abin ya faru a gabansu.

Dangi sun so a ɗauke ni a kai wa mai ɗori, kuma da zuciya ɗaya suka faɗa, don duk mun ga waɗanda suka miƙe a hannunsu. Ta rusuna ta ce wa Baffana, "Baffa, don Allah ku yi haƙuri ku bar shi a nan. Ƙashin ya farfashe daf da gwiwa, kuma in babu takardar likita ba ni da abin riƙewa in nema masa haƙƙinsa." Baffa ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "To 'yata, mun bar miki." Baffa, na gode da ka saurare ta.

Da wannan takardar aka biya kuɗin tiyata da magani, ana kuma ba ni kashi biyu cikin uku na albashina duk tsawon zaman da na yi. Ina so direbobi da makanikai su ji wannan da kyau: kuɗin nan haƙƙi ne. Kamfani ne ke zuba shi duk wata saboda irin wannan rana, daga kashi 1.75 zuwa kashi 5 cikin 100 na albashi gwargwadon haɗarin sana'ar, ba a cire ko sisi daga aljihun ma'aikaci don wannan ɓangaren. In ciwon ya bar nakasa, likita ne ke auna ta. Wanda tasa ta kai kashi 20 cikin 100 ana yanka masa kuɗin da zai riƙa karɓa, wanda bai kai ba a ba shi nasa a dunƙule.

Amma wallahi ciwon ƙafa bai kai zaman gida cin rai ba. Kana kwance a zaure cikin zafin Garwa, kana jin ƙarar motoci sun nufi gadar Binuwai, ka san an ba wani makullin motarka. Wakilin ma'aikatanmu shi ya riƙa zuwa yana kwantar mini da hankali, yana tuna mini cewa a dokar ƙwadago ta 1992 haɗarin aiki dakatar da yarjejeniya yake yi, ba ya kashe ta. Allah ya saka maka, ɗan'uwa.

Da likitan aiki ya ce zan iya fita, aka zauna: shi, da Alhaji mai kamfani, da shugaban gareji, da Hajiya, da ni. Na shiga ina jiran a lissafa mini abin da ba zan ƙara iyawa ba. Sai Hajiya ta ce, "Malam, faɗa mana abin da kake iyawa." Shekarun da na yi ina hawa da sauka tsakanin Ngaundere da Kusiri sun sa daga jin kukan mota na san abin da ke damunta, na san kayan gyaran kirki da na jabu. Nan take aka ba ni ɗakin ajiyar kayan gyara, aka ce in fara da rabin yini, a kuma bar ni in riƙa zuwa gashin ƙafa ba tare da an yanke mini komai ba. Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya tsare dukiyarka.

Mai waldarmu ya zo da tef ya auna daga ƙasa zuwa ƙuguna, ya haɗa mini doguwar kujera da wurin miƙe ƙafa, ya kafa ƙarfen dafawa a bakin matakala. Yaran gareji suka sauko da batura da kayan birki zuwa kantar ƙasa, abin da ke sama ƙaramin cikinsu ke hawa ya miƙo mini. Babu wanda ya sa su.

Na gode wa ma'aikatan jinya, da mai motsa mini ƙafa da ya jure rakina, da jama'ar masallacinmu, da maƙwabcina mai babur da ke kai ni yana ɗauko ni. Uwargida kuwa, Allah kaɗai zai biya ki.

Ina da roƙo ɗaya. A gadon da ke kusa da nawa na bar wani ɗan dako wanda buhu ya karya wa baya, ba a taɓa yi masa rajista a CNPS ba, 'yan'uwansa ke ta fama. Ku sa shi a addu'a, mai hali ya taimaka. Wanda kuma haɗari ya same shi a bakin aiki aka ƙi kai rahoto, yana da shekara 3 ya kai da kansa. Ya same ni a gareji in nuna masa takardun da ake nema.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa kowa da alheri. Amin.