Gurbin da na cike da sifili

Ban taɓa kai giya bakina ba, amma na shafe shekara guda babu abin da nake ƙirgawa sai ita. Ina karatun ƙididdiga a wata jami'a a Amurka malamata ta ba ni aikin haɗa bayanan bincike daban-daban da aka yi kan shan giyar ɗalibai, a zuba su wuri ɗaya, a ga ko shawarar da ake ba su tana rage shan.

Yawancin binciken sun bi tsarin BASICS, wanda Alan Marlatt da abokan aikinsa suka ɓullo da shi a Jami'ar Washington. Ba a yi wa ɗalibi faɗa, ba a tsorata shi. Zama ake yi da shi sau ɗaya ko biyu, a nuna masa yawan abin da yake sha, a kwatanta da na sa'o'insa, domin da yawansu suna zaton sauran ɗalibai sun fi su sha.

Na ɗauka jera fayil bisa fayil kawai zan yi. Ashe kowace kasuwa da irin mudunta. Abin da Amurka ke kira kofi ɗaya giram 14 ne na zallar barasa, a Birtaniya giram 8, a Ostareliya giram 10. Ko a cikin Amurka, wannan ya tambayi ɗalibi abin da ya sha a mako, wancan a wata. Tambayoyin RAPI guda 23, waɗanda aka tsara a Jami'ar Rutgers a 1989 don auna illolin sha, wasu sun yi amfani da su duka, wasu sun yanke, wasu sun ce a duba wata 3 da suka wuce, wasu shekara guda. Suna ɗaya, ma'ana daban.

Amma inda na yi tuntuɓe ba nan ba ne. A wani fayil na tarar da gurabe da yawa babu komai a layin shan giya bayan wata shida da ba ɗalibai shawarar. Sai na ce ai wanda bai rubuta komai ba bai sha ba, na cike su da sifili. Sakamako ya fito gwanin kyau, har na kasa barci don murna. Da safe malamata ta duba, ta yi shiru, sannan ta ce, "Waɗannan da suka daina sha, ka tabbata sun dawo sun amsa tambayoyin?"

Na ce, "Farfesa, bari in koma in duba."

Ba su dawo ba. Wasu sun bar makaranta, wasu sun ƙi amsawa, kuma ba mamaki a cikinsu akwai waɗanda shan ya fi yi wa illa. Da hannuna na mayar da su shaidar nasara. Wannan ya daɗe yana damuna, don bayan kowane gurbi akwai ɗan wani, wanda iyayensa suka tura karatu.

Daga nan na fara kallon sifili da idon basira. Akwai sifilin wanda ba ya sha sam, kamar ni, akwai na wanda yake sha amma makon jarrabawa ya hana shi. In ka cakuɗa su, lissafi zai yi maka ƙarya, dole a raba tambayar gida biyu: ya sha ko bai sha ba, in ya sha, nawa.

Da na karanta aikin Project INTEGRATE, wanda Eun-Young Mun ta jagoranta, aka haɗa bincike 24, na ga su ma a 2015 sun bayyana cewa tasirin irin wannan gajeriyar shawara bai kai yadda ake zato ba. A ganina wannan ba dalilin watsi da ita ba ne, dalili ne na daina yaudarar jami'o'i cewa zama ɗaya ya wadatar.

Na goge aikin wata biyu, na buɗe littafi, kowane sauyi da na yi wa lamba ina rubuta shi da dalilinsa da kwanan wata. Sannan na fara aika wa masu binciken asali wasiƙa ɗaya bayan ɗaya, ina tambayarsu me gurbi ke nufi a fayil ɗinsu.