Jiragen Igiya na Muncie: Abin da Baƙo Zai Duba Kafin Ya Shiga Fili

Wanda ya sauka a Muncie ta jihar Indiyana a Amurka, ko karatu ya kawo shi Jami'ar Ball State ko aiki, zai lura cewa mutanen nan ba sa zaman ƙofar gida. Ana gaisawa a wuce. Mu baƙi sai mun nemi inda suke taruwa a kan wata sha'awa, kuma ga mai son aikin hannu babu kamar filin ƙungiyar masu ƙananan jiragen sama, AMA, wadda aka kafa a 1936. Hedikwatarta na gefen gari, a fili mai faɗin fiye da eka 1,000, tare da gidan tarihin ƙananan jirage na ƙasa. Sai da mota ake zuwa cikin sauƙi.

A cikin gidan tarihin akwai shagon kayan wasa da aka shirya kamar na shekarun 1950, amma ni ina ganin jiragen igiya ne suka cancanci a daɗe a gabansu. Ba rediyo ke tuƙa su ba. Matuƙi na tsaye a tsakiyar da'ira da mariƙi a hannu, siraran wayoyin ƙarfe biyu sun tashi daga mariƙin zuwa fiffiken hagu, jirgi na zagaye shi. Sunayen da za ka riƙa ji su ne Fireball na Jim Walker, mutumin Portland, wanda ya shiga kasuwa a 1940, da Nobler na George Aldrich na farkon shekarun 1950, da Ringmaster, da ƙaramin PT-19 na roba na kamfanin Cox, wanda yaran Amurka da yawa suka fara da shi.

Kada fenti ya ɗauke maka hankali, duba bakin fiffiken hagu. Wayoyi biyu ne suka leƙo. A ciki suna haɗe da wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa a kan ƙusa, daga shi sanda ta tafi wutsiya. Ka karkata mariƙi sama, waya ɗaya ta ja, bayan fiffiken wutsiya ya ɗaga, jirgi ya hau. Shi ke nan tuƙin. Sauran dabarun duk na hana wayoyin saki ne: ana cusa dalma kamar rabin oza zuwa oza ɗaya a ƙarshen fiffiken dama, ana karkata inji kaɗan zuwa waje, wasu ma fiffiken hagunsu ya ɗan fi tsawo. In waya ta saki, mariƙin hannunka ya zama itace kawai, jirgi ya shigo cikin da'ira ya kifa.

Za ka ga hancin wasu tsofaffin jiragen ya yi duhu. Man zurma ne. Injin Fox .35 (lambar na nuna girman injin ne), wanda aka fi ɗaura wa Nobler, yana son mai mai kusan kashi 28 cikin ɗari na man zurma, da kashi 5 na sinadarin naitiro, sauran sinadarin metanol. Man da bai ƙone ba yana feshe jikin jirgi, katakon balsa, wato katako mara nauyi da ake ƙera jirgin da shi, ya sha, ya yi laushi, gam ya daina kama shi. Fatar fiffike kuma takarda ce ko siliki da aka shafa wa wani fenti da suke kira dof, wanda ke ci gaba da tsukewa da shekaru har ya murɗe fiffike ko ya tsage. Hasken rana na ƙara cinye shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba a taɓa kayan gidan tarihin, kuma in ka sayi tsohon jirgi a gwanjon ƙungiya, hancin za ka fara latsawa da yatsa.

Awo na nan ƙafa da inci ne, dole a saba. Jirgi mai injin .35 yana tashi da wayoyi masu tsawon ƙafa 60, wato wajen mita 18, kaurinsu inci .015, yana gama zagaye a daƙiƙa biyar da 'yan kai. Mai ƙaramin injin .049 kuwa ƙafa 35 sun ishe shi. Sabon shiga yakan yi jiri. Maganinsa ka kafa ido a kan jirgin, ka bar kallon bishiyoyin da ke wucewa a bayansa, ka kuma zuba rabin tanki kawai, domin tsofaffin injunan ba su da totur, sai mai ya ƙare suke tsayawa. Miƙe hannu ka motsa shi daga kafaɗa. Wuyan hannu na sa jirgi tsalle-tsalle.

Kafin kowane tashi, ana jan wayoyin da ƙarfi a gwada, ana goge su da ƙyalle don kada su manne, ana tabbatar da wadda ke sa a hau ita ce a saman mariƙi. Waya mai lanƙwasa ta shara ce. Kuma ba a tashi kusa da wayar lantarki ko lokacin da hadari ya haɗo, ƙarfe ne a hannunka.

Shekarar masu wannan wasa kashi biyu ce. Da hunturu, sa'ad da dusar ƙanƙara ta rufe fili kuma inji ke ƙin tashi saboda sanyi, ana ɗakin ƙasa ana yanka balsa. Dof dai kada ka shafa shi a ɗakin haya da tagogi rufe, warinsa na da ƙarfi kuma yana kama wuta. Da bazara ake fita, lokacin ne kuma ake gasar ƙasa a wannan fili. Katin zama ɗan AMA yana zuwa da inshora, yawancin ƙungiyoyi ba sa barin ka tashi sai da shi.

Jirgin igiya yana bukatar mutum biyu, ɗaya a mariƙi, ɗaya ya riƙe wutsiya har a yi masa alama ya saki. Saboda haka ko ba ka da jirgi, je ka tsaya a wajen da'ira, ka gaishe su, ka ce za ka riƙe. Yawancinsu dattawa ne da suka yi ritaya, kuma kullum suna neman mai riƙo.